DIREBAN DA YA CI TSERE AKA HANA SHI KOFI

Na san da yawa daga cikinku, musamman iyayenmu mata da 'yanmata, da zarar an ce tseren mota sai ku ce ai wannan zancen maza ne, ku buɗe shafi na gaba ku nemi labarin soyayya. To ku dakata tukuna, domin kuwa labarin da na ɗauko muku yau, ko da yake akwai mota a cikinsa, akwai aure, akwai bashi, akwai 'ya'ya, akwai kuma wata mata da ta yi shekara 21 tana ganin mijinta yana fita neman abinci a sana'ar da ba ta da tabbas ko zai dawo da ƙafafunsa.

Sunan mutumin Wendell Scott, baƙar fata ne ɗan ƙasar Amurka, makanike kuma direban tsere. Ni dai a cikin labaran 'yan wasa da na karanta, ban ga wanda ya tsaya mini a rai kamar nasa ba.

WANE IRIN TSERE NE WANNAN?

Bari in fara warware muku wannan, don kada tunaninku ya tafi kan 'yan ƙananan motocin nan masu kama da kwale-kwale da ake nunowa a talabijin daga Turai. Wannan daban ne. A kudancin Amurka tseren da talakawa suka fi so shi ne na motocin kasuwa, wato irin motar da kowa zai iya zuwa ya saya, Ford ko Chevrolet, sai a cire kujerun baya da tarkace, a ƙarfafa jikinta da ƙarafa, a yi wa injin dabara ya ƙara gudu. Filin kuwa kewayayye ne kamar ƙwai, a wancan zamani mafi yawa na jar ƙasa ne ba kwalta, tsawonsa rabin mil ko ƙasa da haka. Motoci su yi ta zagaye suna karya kwana ta hagu, ƙura na tashi, ana gogar juna, har a cika adadin zagayen da aka yanka.

Asalin abin ma akwai ban dariya. Da yawa daga direbobin farko 'yan fasa-ƙwaurin barasa ne, wadda ake dafawa a ɓoye cikin daji don gudun haraji. Su suka fara koyon yi wa mota aikin da 'yan sanda ba za su kamo ta ba, daga nan kuma gardama ta tashi a tsakaninsu kan motar wa ta fi gudu. A shekarar 1948 wani mutum mai suna Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a garin Daytona Beach na jihar Filorida, ya tsara abin da dokoki da maki da kuɗin lashe gasa. Amma ban da babbar gasa ta ƙasa, kusan kowane yanki yana da ƙananan filayensa da gwanayensa, waɗanda sunansu bai wuce jiha biyu ko uku ba. A nan Wendell Scott ya fara, a nan kuma ya yi suna.

ƊAN NA GADA

An haife shi ranar 29 ga Agusta, 1921, a garin Danville na jihar Bajiniya, garin taba da masaƙa. Baƙin mutum a garin nan a lokacin, in ya samu aiki, to ko dai kamfanin taba ko masaƙa, kuma ƙaramin aiki. Makaranta daban, wurin cin abinci daban, kujerar mota daban, kai har famfon shan ruwa an ware na farare da na baƙaƙe, kuma doka ce ta ce a yi haka.

Mahaifinsa direba ne kuma makanike, yana yi wa wasu attajiran Turawa aiki, kuma an san shi da gudu a titi. To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun yana yaro Wendell ya saba da sifana da baƙin mai, bai ma ƙare sakandare ba ya bar karatu ya kama tuƙin tasi. Masu tarihinsa sun kawo cewa a tasin nan ya haɗu da Mary Coles, ta shigo a matsayin fasinja, ashe matar aure ya ɗauko. Aka ɗaura musu aure a cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da shi ma ya je, ya yi aikin kanikanci a rundunar sojan Amurka a Turai, a ɓangaren da aka ware wa baƙaƙe.

Da ya dawo gida sai ya buɗe gareji. Da rana gyaran mota, da dare kuma, ba zan ɓoye muku ba, ya shiga safarar barasar nan ta fasa-ƙwauri. 'Yan sandan Danville sun sha ƙurarsa har sun gaji. A 1949 dubunsa ta cika aka kama shi, kotu ta yi masa ɗaurin talala na shekara 3. Ba na yabon wannan sana'a, kuma ba ita ce ta ɗaukaka shi ba, amma ta nan ƙofa ta buɗe masa ta hanyar da ba wanda ya zata.

'YAN SANDA NE SUKA BA DA SUNANSA

A farkon shekarun 1950 akwai wata ƙungiyar tsere ta yanki mai suna Dixie Circuit da ke shirya wasa a filin baje-kolin Danville. Kasuwa ta ja baya, 'yan kallo sun yi ƙaranci, sai masu shiryawa suka yi tunanin su sa baƙin direba guda ɗaya ko mutane za su zo kallon abin mamaki. Ba don ƙaunarsa ba, don ciniki. Suka je wurin 'yan sanda suka tambaya, wane baƙar fata ne ya fi kowa gudu a garin nan? 'Yan sanda ba su yi dogon tunani ba suka ce Wendell Scott.

Ranar 23 ga Mayu, 1952 ya shiga tserensa na farko da wata tsohuwar Ford. Daga ranar nan ciwon ya kama shi. Bayan 'yan kwanaki ya ja motarsa zuwa wasannin NASCAR a Winston-Salem da High Point cikin jihar Karolina ta Arewa, duka wuraren biyu aka mayar da shi daga bakin ƙofa, aka ce ba a sa baƙi. Ya juyo gida ya ci gaba da ƙananan filayen da za su karɓe shi, kuma kwana 12 kacal da fara tsere ya ci wasansa na farko a garin Lynchburg.

Ku dubi irin rayuwar direban yanki a lokacin. Ba albashi, ba kamfanin da ya tsaya masa. Wani makon ya yi tsere har sau biyar, yau a wannan gari gobe a wancan, yana jan motar tseren a bayan wata motar. In ya ci, ɗan abin da aka ba shi ya koma kan taya da mai. In an buge shi, ya kwana a gareji yana miƙe ƙarfe, da kayan da ya tsinto a wurin 'yan gwangwan, don gobe akwai wani wasan. Ga kuma abin da sauran direbobi ba su fama da shi: 'yan kallo suna zaginsa saboda launinsa, wasu direbobi suna tura shi jikin katanga da gangan, wani lokaci a yanka masa taya tun kafin a fara. In ya rama, ya san taron nan ba nasa ba ne, kuma 'yan sandan wurin ma ba nasa ba ne. Sai ya zaɓi ya rama da taka totur.

Sannu a hankali wasu fararen direbobin suka gane cewa wannan mutum talaka ne ɗan'uwansu mai neman na tuwo, ga shi kuma ya iya. Irin su Earl Brooks na Lynchburg suka zama abokansa, suna tsaya masa in rigima ta taso. Daga baya wani ƙaramin jami'in NASCAR a filin Richmond mai suna Mike Poston ya sayar masa da lasisin ƙungiyar, abin da manyan ba su so ba. Scott da kansa ya ba da labarin cewa a 1954 wani mai shirya wasa a Raleigh ya raba wa duk fararen direbobi kuɗin mai dala 15 ya tsallake shi. Washegari ya tari Bill France a Lynchburg ya kai ƙara, France ya zaro dala 30 daga aljihu ya ba shi, ya kuma yi masa alkawarin ba za a ƙara nuna masa bambanci ba. Ku riƙe wannan alkawari a ranku, za mu dawo kansa.

Shekara tara ya yi a waɗannan ƙananan filaye, ya ci wasa sama da 100. Shekarar 1959 ita ce ta fi yi masa kyau: ya ci wasa 22, ya zama zakaran filin Southside Speedway na Richmond, ya kuma zama zakaran jihar Bajiniya baki ɗaya a rukunin da suke kira Sportsman. Mutanen da suka zo kallonsa don dariya a 1952, yanzu su ne ke biyan kuɗi su tafa masa.

IYALI SU NE MA'AIKATA

Da wani ne da sai ya tsaya nan, yana sarki a ƙaramin gari. Shi kuwa ya ce sai ya gwada babbar gasa, wadda a lokacin ake kira Grand National. Ya fara ranar 4 ga Maris, 1961 a Spartanburg, jihar Karolina ta Kudu, yana ɗan shekara 39, lambar motar da aka san shi da ita a gasar kuwa ita ce 34.

Nan fa ake yin ta. Manyan direbobi kamfanonin mota ne ke ba su sababbin injuna da ƙwararrun makanikai, mota ta tsaya a canja mata taya a zuba mai cikin ƙiftawar ido. Shi kuwa Scott motar hannu yake saye, wadda wani ya gama yayinta. Ma'aikatansa kuma 'ya'yansa ne, Wendell ƙarami da Frank, tun suna 'yan samari, sai abokan arziki in an samu. Akwai ranakun da shi da kansa zai tsaya, ya fito daga mota, ya sa jak, ya canja taya, ya koma ciki ya ci gaba da tsere.

To ina Mary a duk wannan? Ai ita ce ginshiƙin. Tun da yawancin gidajen abinci da masaukai na kan hanya ba sa karɓar baƙi, ita ke dafa guzurin da za su ci a tafiya. Ita ke riƙe gida da yara in sun yi nisa, wani lokaci ma ita ke kama sitiyarin motar da ke jan ta tseren don maigidan ya samu ya runtsa. Kuɗin da wata matar za ta ce a saya mata kayan ɗaki, tana gani ana kai shi kan inji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ni a ganina duk inda aka rubuta lamba 34, to sunan gidan ne gaba ɗaya aka rubuta.

Alkawarin Bill France kuwa bai hana komai ba. Shahararren filin Darlington ya yi shekaru yana ƙin karɓar takardarsa, sai bayan da Amurka ta kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964 wadda ta haramta irin wannan wariya. Kamfanoni kuma, duk da suna ganin ƙoƙarinsa, ba wanda ya yarda ya ɗauki nauyinsa sosai har ya bar sana'ar. Sai dai a yaba wa wasu direbobi irin su Ned Jarrett da Richard Petty, waɗanda suka riƙa taimaka masa da kayan gyara.

RANAR JACKSONVILLE

Shekarar 1963 shekara ce mai zafi. A garinsu Danville, ranar 10 ga Yuni, 'yan sanda suka far wa baƙaƙe masu zanga-zangar neman 'yanci da kulake da ruwan mesa, aka raunata mutane da dama. Cikin wannan yanayi ne, ranar 1 ga Disamba, 1963, Scott ya isa filin Speedway Park na Jacksonville a jihar Filorida, da wata Chevrolet da ya saya hannun Ned Jarrett.

Filin ƙasa ne mai rabin mil, za a yi zagaye 200, wato mil 100. Ranar filin ya lalace, duk ramuka, motoci sai karyewa suke. Shi kuwa wanda ya yi shekara tara a irin wannan ƙasa, kuma shi ya ɗaura kowane kusa na motarsa da hannunsa, ya san inda zai taka da inda zai sassauta. Saura zagaye 25 ya wuce Richard Petty, wanda motarsa ta samu matsala, ya shige gaba.

Ya cika zagaye 200, ya duba, ba a kaɗa masa tutar nan mai zanen baƙi da fari ta gama tsere ba. Ya sake zagayowa, shiru. Ya ƙara wani, ya zama 202. Sai ga shi an kaɗa wa Buck Baker tuta, farar fata, wanda ke bayansa da zagaye biyu cur. Aka ba Baker kofi, aka yi hotuna, 'yan kallo suka watse.

Scott bai tafi ba, ya tsaya ya ce a sake lissafi. Bayan kamar awa biyu, fili ya zama ba kowa, jami'ai suka fito suka ce an yi kuskuren ƙirga, shi ne ya ci. Aka ba shi kuɗinsa dala 1,000, amma kofi ya riga ya bi Baker. Jami'ai sun tsaya a kan cewa kuskure ne. Shi Scott da mutane da yawa kuwa sun yi imani dalilin daban ne: al'adar wurin ita ce sarauniyar kyau, farar budurwa, ta miƙa wa wanda ya ci kofi har ta sumbace shi a gaban jama'a, masu fili kuma ba su shirya ganin haka da baƙin mutum ba. Kai jama'a! Mutum da matarsa da 'ya'yansa, abin da ya kawo shi kuɗin biyan bashi ne da haƙƙin guminsa, amma aka hana shi farin cikin minti biyar saboda wannan.

Ko an so ko an ƙi, ranar nan ta shiga tarihi: shi ne baƙar fata na farko da ya ci tsere a babbar gasar NASCAR.

Bai yi zuciya ya bari ba. A 1966 ya zo na 6 a jerin maki na shekara, a gaban mutane da yawa masu sababbin motoci, kuma shekara huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969, bai fita daga cikin goma na farko ba. Shekarar da ya fi samun kuɗi ita ce 1969, dala 47,451, wanda in aka cire mai da taya da inji da tafiye-tafiye, abin da ya rage ba shi da yawa.

TALLADEGA

Da tafiya ta yi tafiya sai sana'ar ta canja. Aka riƙa barin ƙananan filayen ƙasa ana komawa manyan filayen kwalta, inda ƙarfin inji, wato ƙarfin aljihu, ya fi dabarar direba tasiri. Scott ya ga in bai samu mota ta gaske ba an bar shi. A 1973, yana da shekara 51, ya ci bashi mai nauyi, har da jinginar da kadara, ya sayi Mercury mai kyau, irin motar da ya daɗe yana mafarki.

Ya kai ta filin Talladega na jihar Alabama a watan Mayu, fili mai tsawon mil 2.66, ranar da motoci 60 suka tashi tare. Ba a yi nisa ba injin wata mota ya fashe, mai ya malale a hanya, ƙura da hayaƙi suka rufe ido, motoci wajen 20 suka yi karo. Tasa na ciki. Sabuwar motar ta zama gwangwan a fitarta ta farko, shi kuma aka kwashe shi da karaya a ƙugu da haƙarƙari da wasu munanan raunuka.

Ya ƙara tsere ɗaya tak a ƙarshen shekarar, a Charlotte, ya zo na 12, daga nan ya ajiye. Jimillar abin da ya yi a babbar gasa: tsere 495, ya ci 1, ya shiga cikin goma na farko sau 147. Ya koma garejinsa na Danville, ya yi shekaru yana biyan bashin motar da bai more ta ba. A 1977 aka yi fim a kan rayuwarsa mai suna Greased Lightning, Richard Pryor ya fito a matsayinsa, Pam Grier kuma a matsayin Mary. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 1990, sakamakon ciwon daji a ƙashin baya, yana da shekara 69, ya bar 'ya'ya bakwai. Har ya koma bai riƙe kofin Jacksonville a hannunsa ba.

KOFI YA ISO GIDA

Hausawa sun ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Garin Danville ya sa wa titin gidansa sunansa. A 2010 wasu masu sha'awar tsere na Jacksonville suka ƙera kwatankwacin kofin suka ba iyalinsa. A Janairun 2015 aka shigar da shi zauren girmamawa na NASCAR, baƙar fata na farko da ya samu wannan matsayi, ɗansa Frank, wanda ya sha canja masa taya, shi ya yi jawabi a madadin gidan. Sai a watan Agustan 2021, a Daytona, ita kanta NASCAR ta miƙa wa 'ya'yansa da jikokinsa kofin nasarar 1963, bayan kusan shekara 58.

Wani abin mamaki kuma, ba a yi wata biyu da wannan ba, ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani matashi mai suna Bubba Wallace ya zama baƙar fata na biyu da ya ci tsere a babbar gasar. A ina? A Talladega, filin da ya karya Wendell Scott.

To masu karatu, abin da ya sa na kawo muku wannan labari shi ne, a garuruwanmu ma akwai irin su Scott birjik: makanike ko direba ko tela da ya iya aikinsa fiye da kowa, amma ba shi da uban gida, wani ke karɓar yabon. Akwai kuma irin su Mary, matan da ke ƙulla guzuri, su riƙe yara, su rufa asirin gida, ba a taɓa kiran sunansu a taro. Ga mazan ina cewa, wanda ya samu mace irin wannan ya san abin da ya samu tun tana raye, ya kuma yi shawara da ita kafin ya jinginar da abin da iyali suka dogara da shi, domin bashin Talladega ba Scott kaɗai ya biya shi ba. Ga masu riƙe da haƙƙin wani kuma, a ba mutum abinsa yana da rai. Kofin da aka kai wa jikoki ya yi kyau, amma mai shi bai gani ba.

Ina jiran wasiƙunku a kan wannan, musamman matan direbobi da na makanikai.